Kaset Goma Sha Ɗaya na Gidan Alhaji Issufu

Ku samarin yanzu kuna ba ni haushi, ba kuwa zan ɓoye muku ba. Mutum ya kalli bidiyo biyu a waya, ya sayi sukundireba a kasuwa, gobe sai ka ji yana cika baki wai shi ma mai haɗa tele ne. Ka tambaye shi me ya iya, ya ce ai ba wani abu ba ne, goge tsohon lojisiyel, wato manhaja, za ka yi ka zuba sabo. To, gaskiya ne, gogewa ba ta da wuya, danna wuri ɗaya ne. Ni Lawali na haura shekara ashirin ina wannan aiki a Matameye, amma har yau in aka ce in canja wa wani gida lojisiyel, sai na kwana biyu ina juya maganar a raina kafin in taɓa komai. Ku ajiye wayoyin nan ku ji dalili.

Aikin farko da aka taɓa ba ni kaset ne da ya tsinke. A Damagaram ne, shagon Malam Mutari mai gyaran rediyo, inda mahaifina ya kai ni koyo. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa ƙarfen narka dalma ba. Aikina in kwance kusoshin kaset, in nemo bakin zaren da ya tsinke, in yanke shi a karkace da reza, in haɗa da ɗigon jan farce, in jira ya bushe, sannan in naɗe da biro. In jan farce ya yi yawa, zaren ya manne da na ƙasansa, ka ɓata magana biyu ke nan maimakon ɗaya, ranar kuwa ka sha faɗa har la'asar. Yawancin kaset ɗin ba na waƙa ba ne. A lokacin mutanenmu da ke Abijan ko Libiya ba su damu da rubuta wasiƙa ba. Rediyo suke sawa a gaba, su yi ta magana har kaset ya cika, su ba direba ya kawo gida. In ka gyara irin wannan dole ka saurara, don ka tabbatar zare yana tafiya. Wata rana Malam Mutari ya ji ina ba wani labarin abin da na ji a kaset ɗin wani mai sayar da buhu. Ya dakata saboda akwai mutane a shagon. Da suka watse ya kama kunnena ya murɗe, ya ce in na sake fitar da maganar gidan mutane daga shagonsa, in tattara kayana in koma inda na fito. Ban sake ba.

Daga kaset muka koma manyeto mai kaset ɗin bidiyo, daga nan faifan sidi, sannan parabol, farantin kama tashoshi, ta shigo. Na hau soraye a Matameye da Dawce da Icirnawa waɗanda ban san adadinsu ba, rana tana dukan ƙeyata, ina juya faranti kaɗan-kaɗan, mai gida a ƙasa yana ihu, “Ya kama! A'a, ya tafi!” Daga baya masu hali suka fara son abin da muke kira akwati. Wata 'yar ƙaramar ordinata ce, wato kwamfuta, da ake haɗawa da tele, a cikinta akwai diski, wato ma'ajiyar da ake zuba komai: tafsiri, fim, bidiyon biki, hotunan aikin hajji. Lojisiyel kuwa shi ne yake jera maka kayan a fuskar tele, ka zaɓa da telekomand, wato rimot. Akwatin dai ƙarfe ne da roba, lojisiyel ne yake sa mutanen gida su saba da shi ko su tsane shi.

Wani mai gonar rake a Yauri na taɓa yi wa wuni guda ina koya masa kunna akwati. Mutumin zai kawo maka izu sittin da ka, amma rubutun faransanci a tele bai san inda ya dosa ba. Haka rabin masu sayen kayana suke, kuma ku ba ku taɓa tunaninsu ba. Irin waɗannan da ƙirgar danna maɓallan telekomand suke aiki. Ƙasa biyu, dama ɗaya, tsakiya, ga tafsiri. Ƙasa huɗu, tsakiya, ga bikin 'yarsa. Shi ya sa tsohon lojisiyel da nake sa wa mutane ya dace da mu. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, shuɗin allo ne da layuka kamar takardar likita. Amma inda ka ajiye abu, nan za ka tarar da shi bayan shekara biyar. Ba ya neman rezo, wato intanet, ba ya tambayarka komai.

Gidan Alhaji Issufu na cikin gidajen farko da na sa wa akwati. Ba sunansa na gaskiya ba ne, na canja sunayen duka, don laifina nake so ku ji, ba sirrin gidan mutane ba. Bafatake ne, tun yana saurayi yake kai albasa da fata Abijan ya dawo da goro, wani lokaci ya yi wata bakwai bai ga gida ba. Sa'ad da na san shi ya riga ya ajiye tafiya, ƙafa ta hana. Shekara uku da sa akwatin Allah ya yi masa rasuwa. Da matarsa Hajiya Rabi ta fita takaba, sai ta aiko a kira ni.

Na tarar da ita a kan tabarma a bakin ɗakinta, ga wani ƙulli a cikin tsohon kallabi a gabanta. Yanar ido ta fara rufe mata gani a lokacin, tana ganin inuwar mutum amma ba ta rarrabe fuska. Bayan mun gaisa ta turo mini ƙullin.

“Lawali, rediyon da nake jin waɗannan ya mutu. An ce kana iya sa su a cikin abin can.”

Kaset goma sha ɗaya ne, duk waɗanda mai gidan ya aiko daga Abijan a zamanin da yake tafiya.

Kwana tara na yi a kansu. Kwafe kaset ba kamar turin waya ba ne da kuke yi kuna hira. In kaset na awa guda ne, awa guda za ka zauna, kunnenka a kai, yatsanka kusa da maɓallin tsayarwa, don tsohon zare yana iya cijewa a kowane lokaci. Uku sun tsinke a hannuna, na koma wa jan farce kamar zamanin Malam Mutari. Wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki, in ta dawo in sake daga farko, shi ya sa wasu suka fito sau biyu a diski. Na biyun nakan rubuta masa “bis”, wato maimaici, in wuce, ina cewa zan dawo in gyara sunayen. Ban dawo ba.

Duk kaset ɗin iri ɗaya suke farawa. Bismillah, sallama, sai gaisuwa: tsohuwarsa, liman, mai unguwa, ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta, har mai ɗebo musu ruwa. Sai a yi minti biyar ko shida ana gaisuwa, kuma bai taɓa sauya jerin ba. Sannan zancen gona, da wanda za a ba buhun gero, da katangar da za a yi wa yaɓe kafin damina. Wannan shi ne fuskar farko, kuma gida gaba ɗaya ake taruwa a ji. In an juya kaset kowa yakan tashi, don fuska ta biyu ta mai ɗaki ce ita kaɗai. Ni ba ni da damar tashi, zare na hannuna. Na ji abin da na ji, kuma a nan ya tsaya.

Ranar da na mayar da akwatin, Hajiya ce da kanta ta faɗa mini yadda zan jera su, daga na shekarar farko zuwa na ƙarshe. A cikin lojisiyel na tsara mata jerin, sunayen da ke cikin diski kuwa na bar su a hargitse yadda suke. Na ɗauki ƙwayar gero na manna ta da gam a kan maɓallin tsakiya, don yatsanta ya riƙa gane shi. Sama ɗaya, dama ɗaya, sannan ƙasa gwargwadon lambar kaset ɗin da take so, sai tsakiya. Kwana biyu ta iya. Da na miƙa mata ƙullinta, da bakina na ce, “Yanzu ko sun lalace ba komai, Hajiya, suna nan ciki.” Daga nan, kullum da hantsi in jikoki sun tafi lakwal, wato makarantar boko, surukarta na wajen girki, sai ta shiga falo ta kunna abinta. Ba ta neman kowa. Shekara shida tana haka.

Sai shekarar da aka rufe iyaka ta zo. Ku da yawa kuna ji ne a baki, mu a shago muka ji ta. Kayan aikinmu kusan duka daga Kano suke zuwa, diski, waya, telekomand, har gam. Duk suka ɗauke. Wuta ta koma sai ta ga dama, in ta zo kuma ta zo da ƙarfi ta ƙona kaya. Ina da wani diski na ajiya wanda nake kwafe kayan mutane a ciki kafin in taɓa akwatinsu, shi ne garkuwata a wannan sana'a. A shekarar ya ƙone, na nemi madadinsa har Damagaram ban samu ba. Abokan sana'ata biyu suka rufe shago, ɗaya ya koma kabu-kabu, ɗaya ya koma gonar ubansa. Ni na zauna ina gyaran tocila da cajin waya, mutumin da a da sai an jira shi kwana uku.

A cikin wannan hali Mushe Abdu ya zo hutu daga Yamai. Shi ne ɗan farin Hajiya, ma'aikaci ne a can, shi ya sa ake ce masa “Mushe” irin na faransanci, matarsa Mariyama da 'ya'yansa suna nan gida tare da tsohuwar. Ya shigo shagona ya zauna a kan benci, ya fito da waya.

“Malam Lawali, wannan abin naka na gidanmu ya tsufa. Masu shi ma sun daina kula da shi. Fim ɗin da nake kawo wa yara, murya ce ke fita babu hoto. Dubi wannan.”

Na duba. Wallahi abin ya yi kyau. Kowane fim da hotonsa a jere, kamar kanti. Ya ce daga Yamai zai iya tura kaya su shiga akwatin gida, kuma ya ga abin da yara ke kallo.

Na ce, “Mushe, Hajiya fa?”

“Hajiya ai tafsiri take ji. Mariyama sai ta riƙa kunna mata.”

Ya san kaset ɗin ubansa suna cikin akwatin, amma a tunaninsa ajiya ce kawai, kamar tsofaffin takardu. Na ce ya ba ni kwana biyu.

Kwana huɗu na yi ina juya maganar. Mutumin yana da gaskiya, ba zan cuce shi ba. Tsohon lojisiyel ya daina buɗe sababbin fina-finai, kuma duk shekara abin ƙaruwa zai yi. In ya lalace gobe, babu mai gyara shi sai ni, ni kuwa ba dawwama zan yi ba. A ɗaya gefen kuma, sabon yana son rezo, yana son wuri mai yawa a diski, ni ba ni da inda zan kwafe kayansu in ajiye. Ga kuma Hajiya da ƙirgarta. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in taka in je in tsuguna a gabanta in tambaye ta. Gidan bai fi tafiyar minti goma daga nan ba. Ban je ba. Na yi sati bakwai ban riƙe aiki na gaske ba, hannuna yana ƙaiƙayi. Kuma na fara jin irinku suna cewa Lawali ya tsufa, bai san sabon abu ba. Tsoron a ce na tsufa ne ya tura ni, ba komai ba. Na gaya wa kaina zan sake koya mata ƙirga a sabon, na kira Mushe Abdu na ce ya aiko da akwatin.

Diskin ya cika maƙil da na buɗe shi. Tunda babu inda zan kwashe kaya, sai na shiga neman abin da ya fito sau biyu ina gogewa. Bidiyon biki ɗaya na same shi sau uku. Fina-finan da suka maimaitu na share. Da na iso kan kaset ɗin Alhaji, na ga masu “bis” guda huɗu. Na kunna kowane da ɗan'uwansa, na saurari minti biyu-biyu. Bismillah ɗaya, sallama ɗaya, tsohuwa, liman, mai unguwa. Tsawonsu ma ɗaya, don duk kaset ɗin na awa guda ne. Na goge su duka huɗun. Ba ma wani wuri suka ci ba, hannuna ne ya riga ya saba da gogewa tun safe. Da na tsaya na ƙirga abin da ya rage, da na gane a take, amma ban ƙirga ba. Na share tsohon lojisiyel tare da jerin da ke cikinsa, na zuba sabo.

Da na kai akwatin, gidan ya ɗauki murna. Mushe Abdu ya yi ta sa mini albarka, na nuna wa Mariyama yadda ake yi. Hajiya tana ɗakinta, na tsaya a bakin ƙofa na ce an yi wa akwati gyara, zan dawo in nuna mata. Ta ce, “Madalla. Allah ya yi albarka.” Washegari aka kira ni Icirnawa, daga nan wani abu ya biyo wani abu, ban dawo ba.

Bayan sati biyar Mariyama ta tsaya a ƙofar shagona, tana dawowa daga kasuwa.

“Malam Lawali, Hajiya ta daina shiga falo.”

“Lafiya?”

“Lafiyarta lau, sai dai ba ta cin abin kirki. Rannan na tarar da ita riƙe da telekomand, fim ɗin faɗa yana ta kururuwa a kanta. Na ce, Hajiya me kike so in sa miki? Ta ce ba komai. Tun daga ranar sai bakin ƙofa take zama.”

A lokacin na riga na san halin sabon lojisiyel ɗin daga wasu gidaje. Ba ya barin abu a wuri ɗaya. Duk abin da aka kalla a ƙarshe shi yake jawowa gaba, duk abin da aka turo sabo ya ture na baya. Ƙirgar da ta kai ka tafsiri yau, gobe rawa za ta kai ka. Ko na koya mata, babu abin da za ta riƙe. Kuma wa za ta gaya wa? Matar da ta yi shekara hamsin ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ita ce za ta buɗe baki ta ce wa surukarta sa mini muryarsa, har fuska ta biyu? Ɗan nata kuwa ɗan fari ne, shi ma ba ta faɗar sunansa, “na Yamai” take ce masa, maganarsu ba ta wuce gaisuwa.

Na rufe shago na bi bayan Mariyama. Na tarar da Hajiya a bakin ƙofa da carbi, ta rame.

“Hajiya, me ya sa ba ki aiko ba?”

“In aika in ce me, Lawali? Na Yamai ne mai gida yanzu, ya sa an yi masa gyara a gidansa. Yara kuma suna jin daɗinsa.”

Daga zauren gidan na kira Mushe Abdu. Ba zan iya gaya masa dalilin gaskiya ba, don ba nawa ba ne da zan faɗa. Na ce sabon ya yi wa akwatin nauyi, zai ƙona shi. Ƙarya na yi masa, Allah ya yafe mini. Ya ce, “Haba Malam Lawali, aikin da aka gama? Ashe ba ka iya ba tun farko?” Na haɗiye. Na ce in an buɗe hanya zan haɗa wa yara nasu akwatin daban. Ya ce in yi abin da na ga dama, ya kashe waya.

Tsohon lojisiyel yana nan a wata kile, wato filashi, da nake ratayawa da makullan shago, mayar da shi bai ɗauke ni awa biyu ba. Jerin ne babu, ni kuma ba zan iya tunawa ba. Washegari da hantsi na zauna da Hajiya a falo, na ce zan riƙa kunnawa, ita ta riƙa faɗa mini lambar. Na kunna na farko. Bismillah, sallama, tsohuwa, liman.

“Wuce gaba, Lawali,” in ji ta. “A gaisuwa ai ba a gane su. Duk ɗaya ne.”

Nan na tuna da gaisuwa kaɗai na gwada masu “bis”. Na kasa ɗaga kai.

Na riƙa tsallakawa tsakiya, ita kuwa jimla ɗaya take ji ta faɗa. “Wannan na huɗu ne, shekarar da aka haƙa rijiya.” “Wannan na fari ne, ji muryarsa, yaro ne a lokacin.” Fuskarta ta saki, har ta yi 'yar dariya a wani wuri. Muka samu na ɗaya har zuwa na shida. Saura huɗu a diski. Na kunna su, ta ce na tara, na takwas, na goma sha ɗaya, na goma. Ta jira na gaba.

“Saura na bakwai,” in ji ta.

Na ce ina zuwa, akwai abin da zan duba a shago. Na rungumi akwatin na fita. A hanya na gane abin da ya faru. Uku daga cikin masu “bis” maimaici ne na gaske. Na huɗun kuwa, wanda na rubuta wa “shida bis”, kaset ne daban. Rana ɗaya na kwafe shi da na shida, na gaji, na ba shi sunan da ba nasa ba.

Kwana uku na yi ina haƙa diskin nan da duk dabarar da na sani ta dawo da abin da aka goge. Na kai shi Damagaram wajen wani da ya fi ni sanin ordinata. Ya duba ya girgiza kai. Fina-finan da aka yi sati biyar ana turowa daga Yamai sun hau kan wurin sun danne shi. Na dawo na tambayi Mariyama kaset ɗin na asali. Ta ce ai adakar da suke ciki ruwa ya shige ta daminar bara waccan, suka yi funfuna, zaren ya dunƙule, aka zubar. Hajiya ma ta ce ba komai, suna cikin akwati. Maganata ce ta maimaita.

Ba cewa nake kada ku canja wa mutane lojisiyel ba. Tun da aka buɗe hanya na sa sabon a gidaje da yawa, har na cika wa Mushe Abdu alkawarin akwatin yara. Amma ba na taɓa diskin kowa sai na kwafe shi gaba ɗaya a wani wuri, in babu wurin kuwa in ce a jira, ko da za a ce ban iya ba. Kuma wanda ya kawo akwatin ba shi kaɗai nake tambaya ba. Sai na shiga gidan na nemi wanda ya fi kowa shiru, na ga da me yake amfani.

Rana ta huɗu na koma gidan da hantsi. Na haɗa akwatin, na tsuguna a gaban Hajiya na gaya mata komai, ban rage ba: yadda na saurari gaisuwa kawai, yadda ban ƙirga ba, yadda na je Damagaram. Na ce ta yafe mini.

Carbin ya tsaya a hannunta.

“Shekarar da Allah ya karɓi 'yarmu ne,” in ji ta. “Yana can. Bai samu zuwa ba sai bayan wata biyar. Shi ne ya aiko da wannan.”

Ta juyo da fuskarta wajena.

“Kai ka ji shi?”

“Na ji, Hajiya. Sau ɗaya, lokacin da nake kwafewa.”

“Har ƙarshe?”

“Har ƙarshe.”

“To.” Ta numfasa. “Na yafe, Lawali. Ba da gangan ka yi ba.”

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi, wallahi. Na share fuskata da hannun riga, na ce bari in jera mata goman, na takwas ya dawo na bakwai, sauran su biyo.

“A'a. Kada ka matsar da kowa. Hannuna ya saba. Ka bar na bakwai a wurinsa.”

“Hajiya, babu komai a ciki.”

“Ka bar shi dai.”

Lojisiyel ba ya karɓar gurbi, sai da abu a ciki. Na zare makirfo, wato abin ɗaukar murya, na ɗauki awa guda ta shiru, na sa ta a wuri na bakwai. Ta jira ni har na gama. Na miƙa mata telekomand. Ta danna sama, ta danna dama, ta fara sauka. Ina bin yatsanta da ido ina ƙirgawa a zuci, ina fata ta tsaya a shida ko ta wuce takwas. A bakwai ta tsaya, ta danna tsakiya.

Babu abin da ya fito sai ɗan hucin lasifika. Ta gyara zama, ta ɗan karkatar da kai wajen tele, leɓenta ya fara motsi. Na juya na shiga tattara kayana, sukundireba ta zame ta bugi filaya a cikin jaka.

“Lawali,” ta ce, ba ta waiwayo ba, “yi a hankali da kayan nan. Saurare nake.”

Na bar sauran kayan a ƙasa na fita. Sai washegari na koma na ɗauka.